Guntuwa da Libar Kujera

Duk layin babu wanda ya san ta da wani suna sai Anti Tela, amma a cikin gidanta Guntuwa ake ce mata, kuma mutum ɗaya ne ya raɗa mata sunan, mijinta. Ba ƙarya ya yi ba, gajera ce ta gaske. Idan ta hau keken ɗinki sai ta ɗora katako a kan matakin kafin ƙafarta ta kai. Amma akwai yadda ake ce wa mutum gajere ya yi dariya, akwai kuma yadda ake faɗa ya kwana da abin a ransa. Maigidan nan na biyun ya iya.

Gajartar gado ce. Babanta direban motar gidan burodi ne, mutum ɗan ƙil, wanda sai ya jera matashin kai biyu kafin ya hango titi. 'Ya'ya mata kaɗai Allah ya ba shi, bai kuma tsaya jiran namiji ba. Babbar, wato ita, ya ɗauka ya ɗora a kan matasan nan, ya koya mata sitiyari da giya da yadda ake sakin kuloci a hankali kada mota ta yi tsalle. Innarta kuwa tela ce, ita ta koya mata allura da almakashi, da yadda ake kwance keken ɗinki a wanke shi a mayar ba tare da noti ko ɗaya ya yi saura a ƙasa ba. Haka ta tashi da sana'a biyu a hannu, ta shiga gidan miji da su. Ɗinkin aka bar mata, tuƙin kuwa tun makon farko aka ce ta ninke shi ta sa a akwati.

Mijin, Mai Makulli ake kiransa a bayan idonsa. Ma'ajin kaya ne a wani kamfanin siminti, dogo zanƙalele kamar sandar shanya, kuma aikin ya bi shi har gida. Sukari da kwaɗo, firji da kwaɗo, kai har rediyo sai da ya sa kafinta ya yi mata akwati mai makulli. Idan yana tafe tun daga ƙofar gida ake jin ƙarar makullai a ƙugunsa, yara su natsu. Ba ya duka, ba ya zagi da ƙarfi, abinci bai taɓa yankewa a gidansa ba. Shi dai kawai kada a taɓa masa kaya, kuma a wurinsa komai kayansa ne.

Da ya sayi mota, wata tsohuwa mai ruwan toka, sai abin ya zama ciwo. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya amsa gaisuwar kowa. Ranar da Guntuwa ta ce masa ai ita ma ta iya, da lasisinta ma, sai ya dube ta daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci, ya ce, "Ke Guntuwa, ƙafarki ma ta kai ƙasa a kan kujerar falo?" Ya yi dariyarsa ya wuce. Ita kuwa ba ta fasa sabunta lasisin ba duk lokacin da ya ƙare, tana ajiye shi a gwangwanin maɓallai.

Ƙaninsa ne ya jawo abin da ya faru da libar. Auta suke ce masa, matsakaicin mutum ne mai yawan fara'a da yawan aro. Wata rana ya lallaɓi yayan nasa ya karɓi motar zai kai matarsa awo, ya dawo da ita lafiya ƙalau, har da wanki. Kuskurensa ɗaya, ya ja kujerar direba gaba ya manta bai mayar ba. Da safe Mai Makulli ya zo ya faɗa ciki yadda ya saba, gwiwarsa ta daki ƙasan sitiyari, ƙau! Duk gidan sai da aka ji salatinsa.

Wani da sai ya yi faɗa ya huce. Wannan bawan Allah ɗakin ajiya ya shiga ya fito da zarto. A ƙasan kujerar mota akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira liba, shi ake ɗagawa kujera ta matsa gaba ko baya a kan layukan ƙarfen da take zaune a kai. Ya tura kujerar har ƙarshen baya, daidai tsawon ƙafafunsa, ya durƙusa ya yanke libar tun daga can ciki, ya bar ɗan kututture kamar babban yatsa. Ya zauna ya gwada. Dogon hannunsa ya zura can ƙasa ya taɓo shi ba wahala. Ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, "To, mai son jan kujerata sai ya fara tsirar da hannu." Guntuwa ce ta share wurin. Ta tsinci guntun ƙarfen a cikin shara, ta ga yana da nauyi, ta kai shi teburin yanka tana danne yadi da shi kada iska ta ɗaga. A lokacin ko a jikinta.

Sai ranar Inna.

Mai Makulli ya yi tafiyar ƙidayar kaya a motar kamfani, tasa tana rumfa a lulluɓe. Bayan azahar waya ta yi ƙara, ƙanwarta ce. "Yaya, ki zo yanzu. Jikin Inna ya rikice, ke take ta kira." Ga ruwan sama ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Gidansu a sabuwar unguwa yake can bakin gari, inda motar haya ba ta shiga ko da rana tsaka balle a ruwa, mazan layin kuma duk suna wurin aiki. Amma ta san inda makullin yake, a cikin safa, a cikin takalmin da ba ya sawa. Ta ɗauko, ta yaye rigar motar, ta shiga. Ƙafarta ta tsaya a iska.

Ta zura hannu ƙasa, ba ta kai ba. Ta sauko ta durƙusa a cikin ruwa ta cusa hannu har kafaɗa, ta samu kututturen ta ɗaga, ta tura kujerar da ɗaya hannun. Ina! Kujerar da ta shekara da shekaru ba ta motsa ba, tsatsa ta riƙe ta gam, sai mutum yana zaune a kai ya ja da nauyin jikinsa. Bakin ƙarfen da zarto ya bari ya tsaga mata tafin hannu. Ta ruga ɗaki ta kwaso matasan kai ta cusa a bayanta, ta zamo bakin kujera, yatsan ƙafarta ya taɓa kuloci amma ya kasa danna shi ƙasa, giya ta yi ta gurnani ta ƙi shiga. Tana kuka tana zagin ƙarfe. Da ta ga lokaci kawai take ci, sai ta bar motar a buɗe ta fita da ƙafa.

Ta taka har babban titi, ta tsaya motoci na wucewa a cike. Wadda ta samu sai da ta zagaya ta kasuwa, ta sauke wannan ta ɗauki wancan, ta sake shiga wata. Da ta isa ana shirin kiran magariba. Tun daga ƙofar gida ta ga takalma sun yi yawa. An riga an rufe Inna da zane. Daga baya ƙanwar ta gaya mata, ba don ta ƙona mata rai ba, Inna ta sa an juya mata gado ya fuskanci taga, duk motar da ta ji sai ta ce, "Ita ce?"

Mai Makulli ya dawo, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ba wanda zai ce ya gaza. Ranar da ta koma gida, ko mayafi ba ta cire ba, ya tare ta da matashin kai a hannu. "Wa ya shigar mini mota? Ga jini a kujera, ga ruwa ya jiƙa kafet." Ta gaya masa komai, ta nuna masa hannun. Ya girgiza kai ya ce, "Ai ko kin je ba za ki hana ajali ba. Kin ga amfanin yankewar ke nan, da yanzu kin je kin buga mini ita a ruwan nan." Ya canza wa makullin maɓoya.

Ta cire mayafinta ta shige ɗaki. Mutane suna cewa Anti Tela akwai haƙuri. Haƙuri? Wallahi ba haƙuri ba ne, ajiya ce. Tana dafa masa abinci, tana ɗinka masa kaya, tana masa sannu da zuwa, kullum kuma idan ta shimfiɗa yadi ta ɗauki guntun ƙarfen nan za ta danne, sai ta ji abin ya dawo mata sabo fil. Ta tsane shi a kan wannan abu guda, tsana mai sanyi wadda ba ta hana ta barci. Keken Inna da aka ba ta gado ta kai shi lungun shago ta rufe da zane, ta kasa hawansa. Yara suka girma, macen ta yi aure, namijin aiki ya kai shi wani gari, gida ya rage su biyu da mota.

Bayan ya yi ritaya ne hawan jini ya buge shi, wata safiya yana tsaka da goge gilashi. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Ta yi jinyarsa tsaf, ba ta rage komai ba, ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi a baki. Da aka sallame su likita ya ce maganar ɗaya ce, a riƙa kawo shi wurin masu motsa gaɓoɓi a kai a kai, in an yi wasa hannun da ƙafar sun tafi ke nan.

Sai ga Auta da fara'arsa. Ya zauna a gefen gado ya ce, "Yaya, ga shawara. In kai motar wurin mai walda ya mayar da libar nan, ta zauna a wurina. Duk ranar asibiti in na samu sarari sai in zo in kai ka."

Guntuwa tana ninke kaya a bakin ƙofa ta ce, "In ba ka samu sararin ba fa? Ga direba a gida."

Auta ya yi dariya. "Haba matar Yaya, wannan ai ba keken ɗinki ba ne."

Duk suka dubi mai jinya. Ka ga mutumin da aka ba zaɓi tsakanin guba biyu. Ya dubi ƙanin da ya yanke liba dominsa, ya dubi matar da ke wanke shi safe da yamma, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna Auta. Auta! Guntuwa ta ajiye rigar da take ninkewa ta ce, "To shi ke nan. Ka zo ranar komawa asibiti ka ɗauka." Abin da ba su sani ba, makullin yana ɗaure a bakin zaninta tun ranar da ya faɗi, don a aljihunsa ta same shi. Ta kuma san in motar nan ta fita ƙofar gidan da Auta a ciki, ita da sitiyari sai a mafarki.

Washegari ta rufe shago, ta ce wa masu ɗinki jinya ta yi yawa. Ta zaunar da maigidan a kujerarsa a baranda ya sha iska, inda yake jin komai amma bango ya tare masa rumfar mota. Ta buɗe ɗakin ajiyarsa da makullansa, ta kwaso sifana da filaya da guduma da zarton nan.

Ta fara da tsatsa. Man keke ta bi layukan kujerar da shi, ɗigo ɗigo, tana gogewa da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya fara sheƙi. Sannan ta zauna a kujerar, ta sa tef ɗin awo daga inda hannunta ke sauka ba tare da ta sunkuya ba zuwa kututturen, kamar mai awon hannun riga. Gwajin farko da mariƙin ludayin ƙarfe ta yi, ta ɗaure da waya. Tana ja ya lanƙwashe kamar taliya. Na biyu sandar labule ta zura wa kututturen, ta yi tsawo amma ta tsaya a tsakanin ƙafafu, in ta taka birki sai ta soke ta a ƙwauri. Ta jefar tana tsaki. Daga baranda aka ji murya, "Me... kike... taɓawa?" Ta ɗaga murya ta ce, "Gyara nake, Malam. Ka sha iskarka."

Abin da take nema ƙarfe ne siriri mai ƙwari, mai ido a baki inda noti zai shiga. Ta san inda yake, ta dai yi ta kewaye ne. Daga ƙarshe ta je shago ta yaye zanen da ke kan keken Inna. A ƙasan kowane keken ƙafa akwai sandar ƙarfe da ke haɗa mataki da babban wili, ita ke juya taka ta zama ɗinki. Ta zauna a ƙasa ta kwance ta, hawaye na zuba, tana cewa, "Inna, ki yafe mini, aro na yi." Ta haɗa da belin fatar keken, da wani ƙaton noti mai dogon ƙarfe daga ƙafar teburin.

Sandar ta zauna kamar don wurin aka ƙera ta. Ta matse idon a jikin kututturen da noti biyu, ta sa bakin sandar a ramin ƙofar gida ta danna da nauyinta har ya lanƙwasa, ya fito ta gefen kujera ya miƙe kusa da hambirki, daidai inda hannu ke faɗawa. Ta naɗe kan da ƙyalle ta ɗinke. Ta zauna, ta ja da yatsu biyu, ta tura jikinta. Kujerar ta zo gaba sumul, ta ce ƙyas. Ƙafarta ta danna kuloci har ƙasa. Ta daɗe zaune a haka, tana dannawa tana saki.

Da nan ta tsaya, da sai a ce mace ta yi dabara, Allah ya yi mata albarka. Amma ba dabara kaɗai ta kawo ta rumfar nan ba. Ta zagaya kujerar mai zaman banza, wadda ke gefen direba, ta shafe layukanta da mai har sun fi na direban santsi. Ta ɗauki zarton. Mai Makulli ya san kukan zartonsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, ya yi ta buga sandarsa a ƙasa yana kiran "Ke! Ke!" Ba ta ko waiwaya ba sai da libar wannan kujerar ma ta faɗi, ta bar kututture kamar babban yatsa. Ta ɗaura masa belin fatar, ta bi da shi ta ƙarƙashi, ta ɗora shi a kan wani ƙarfe don in an ja ya ɗaga, ta fito da shi ta ɓangaren direba. A bakinsa ta ɗaura tsohon guntun ƙarfen nan na danne yadi ya zama mariƙi. Wurin rataye shi ba ta yi wahalar awo ba. Matar da ta shekara tana ɗinka wa mutum riga ta san tsawon hannunsa. Aikin ƙarshe da guduma ta yi shi, ta daɗe tana dukan wani abu a bayan kujerar direba, sannan ta share wurin ta je ta ɗora girki.

Ranar asibiti Auta ya iso da sassafe ya tarar da mota a waje tana aiki, matar Yaya a ciki da mayafi da jaka. Ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Kama mini shi mu sa a gaba," ta ce. Ya kama. Suka zaunar da shi, kujera a can baya, ƙafafu a miƙe, ta ɗaura masa bel. Ta ajiye kofin shayi mai murfi a tsakaninsu. Auta ya ce, "To ni fa?" Ta ce, "Ka gaida gida." Ta saki kuloci yadda Baba ya koya mata, motar ta tashi ko girgiza babu.

A kwanar farko, tana tafiya a hankali kamar mai tallan ƙwai, ta kai hannu ta ja mariƙin belin, ta ɗan taɓa birki. Kujerar maigida ta taho gaba suuu har ƙarshe, ta ce ƙyas. Gwiwoyinsa suka haɗu da gaban motar, suka tasar masa kusan haɓa. Bai ji ciwo ba, ta tabbatar da haka, amma dogon mutum ya naɗe kamar tabarma. Ya zazzaro ido. "Ma... mayar!" Ta rataye mariƙin a wurinsa ta ce, "Bari mu hau titi, hannuna ba sarari."

Da suka zo mararraba ba ta yi hanyar asibiti ba, ta miƙe ta sabon titin da ya yanke bayan gari. Ya gane hanyar. Ba ta yi gudu ba, ba ta wuce kowa ba, har ta tsaya wa mai tura baro ya tsallaka. Ta shiga layin su Inna ta tsaya daidai ƙofar gida, inda tagar ɗakin ke kallo, ta kashe mota. Ta buɗe kofin ta kai masa kusa da hannun hagu.

"Taɓa ka ji."

Tururi na tashi. Ya janye yatsa.

"A gida na zuba shi, Malam. Ko hucewa bai yi ba. Ka ga nisan ke nan. Ni kuwa ranar daga azahar sai magariba."

Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito. "A... ajali."

"Na sani. Ban ce zan hana ba, ni wa? Cewa ta yi ita ce, ita ce, tana kallon tagar can. So nake ta ga ni ce."

Ya kawar da kai. Can ya ce, a hankali, "Ƙafata. Ja... kujerar."

Ta nuna masa mariƙin da ke lilo a gefen sitiyari. Ya dube shi, ya sake dubawa, ta ga lokacin da ya gane lanƙwasar ƙarfen da bakin da zartonsa ya ci. "Ga shi nan," ta ce. "Miƙa hannu mana. Ai kai hannunka dogo ne." Ta sauke gilasai don ya sha iska, ta ɗauki jakarta ta shiga gida.

Ƙanwarta ce ke zaune a gidan yanzu da iyalinta. Suka gaisa, ta ce ɗakin Inna take son shiga. Ta zauna a bakin gado ta ɗaga labule. Ga shi can, ya fara zura hannun hagu ƙasan kujerarsa, ya lalubo inda liba take, ya tarar da wayam, kututturen kuma gwiwoyinsa sun tare masa hanya. Ya juyo ya miƙa wajen mariƙin, bel ya riƙe masa ƙirji, yatsunsa suka tsaya saura ƙiris. Ya huta, ya sake. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta zaci za ta ji tausayi, ta jira shi ma, bai zo ba. Daɗi ta ji, daɗi mai ɗaci, har cikin ƙashinta. Ƙanwar ta leƙo ta ce, "Yaya, ba za a shigo da shi ba?" Ta ce, "Motsa jiki yake, likita ya ce yana da kyau."

Sai da ta ƙiyasta shayin ya huce ta fito. Ta ja mariƙin, ya tura da ƙafar hagu, kujerar ta koma. Ta kai shi asibiti a kan lokaci.

Ba ta sake naɗe shi ba, sau ɗayan ya ishe ta. Kuma ba ta taɓa fashin kai shi ba, ko ruwa ko rana, har ma'aikatan wurin suna cewa da duk mata haka suke da an huta. Sai dai kullum ta layin su Inna take bi, ta rage gudu a ƙofar gidan, ta wuce. Shi kuwa ya dage da motsa jikin nan kamar mai gaba da wani. Sauran marasa lafiya suna raki, shi yana cije baki yana matse ƙwallon roba. Ta san abin da yake yi wa wannan naci, ba don ya rungumi jikoki ba ne. A hankali ƙafa ta fara ɗauka, yatsu suka fara rufewa, magana ta warware. Ta yi masa barka da zuciya ɗaya.

Wata safiya tana ɗaura ɗankwali ta ji ƙarar da ta daɗe ba ta ji ba, makullai a ƙugu. Ta leƙa. Ya ɗauki makullin motar daga kan teburinta, ya taka da sandarsa har rumfa, ya buɗe ƙofar direba. Kujerar tana gaba, inda ta bar ta. Ya sunkuya ya ga sandar keken Inna tsaye a gefen hambirki, libar da ko yaro zai kai gare ta, ya yi wani ɗan murmushi. Ya ja ta, ya tura kujerar baya. Ta matsa kamar faɗin yatsu biyu ta tsaya ƙam. Ya sake ja, ya sa kafaɗa. Ƙam. Ya dafa ƙofa ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasa. A cikin ramin layin, daidai bayan kujerar, ga ƙaton noti nan an zura an ɗaure, an kuma daddake kansa da guduma har ya baje, babu sifanar da za ta kama shi. Ya gwada shiga a haka. Ƙafa ɗaya ta shiga, gwiwa ta tokare sitiyari, ɗayar ta rage a waje.

Yana nan rabi a ciki rabi a waje ta iso da jakarta a kafaɗa. Ta miƙa tafin hannu, wanda tabon ke kwance a tsakiyarsa. Ya dube ta. Yau daga ƙasa yake dubanta, don tana tsaye shi yana maƙale. Ya sa mata makullin a hannu.

"Zagaya, Malam," ta ce. "Za mu makara."

Ya zaro ƙafarsa, ya ɗauki sandarsa, ya zagaya.